Malalaciyar Bishiyar Gwaba

Zuwa ga 'yata Yorleny,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa da ta daɗe ba ta ga fuskar 'yarta ba sai a waya, da fatan wannan saƙo zai same ki lafiya, ke da maigidanki Maikol da jikata Dayana. Allah ya tsare ku daga wannan sanyi na Kanada da kike cewa har gashin hanci yake daskarar wa mutum, ya ƙara miki ƙarfin baya wajen ɗaga tsofaffin da kike kula da su. Duk Lahadi sai na kunna miki kyandir a coci. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar hagun nan da kin riga kin sani. Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa, sati biyu ke nan ban ga shanya ta bushe da kanta ba. Innarki Flory ta sa sabbin haƙora, yanzu ko ba a yi abin dariya ba sai ta yi, don dai a gani.

Kada ki yi mamakin dogon rubutu. Kin san ni da wayar nan, da yatsa ɗaya nake bugawa, tabarau a kan hanci, in kin ga kuskure ki wuce. Da na yi miki magana da murya kamar kullum, to bangon gidan nan katako ne, in na yi tari a ɗaki ana ji a kicin, ga ƙaninki Olger kwance bai fita ba. Maganarsa ce zan yi miki. Na san zai kira ki ya kai ƙarata, shi ya sa nake so ki fara ji daga bakina. In kina bakin aiki ki bari sai kin tashi, ki samu wuri ki zauna.

Kin dai san yadda muke tun da ya samu katinsa na jagora. Shekara biyu yana haddar sunayen tsuntsaye da Turanci kafin hukuma ta ba shi, ke kika tsaya masa, ba sai na tuna miki ba. Tun ranar da ya rataya katin nan a wuya ya bar zaman bakin shagon giya, ya zama mutum, har aski yake yi ba sai na yi magana ba. Duk Talata da Juma'a babban jirgin ruwan nan na masu yawon shaƙatawa yana tsayawa a tashar garin Limón. Mutumin nan Don Rigo, mai bas-bas ɗin da ya san manyan jirgin, sai ya kwaso mana Turawa talatin ko arba'in. Olger ya shiga da su dajin bayan gonarmu na awa biyu, su fito rumfata su ci shinkafa da wake da madarar kwakwa da kaza da soyayyar ayaba, ƙarfe biyu an kwashe su, don jirgi ba ya jiran kowa. Suna zuwa fes da su, takalma sabbi, sun shafe jiki da maganin sauro har ƙamshin girkina ba ya tashi. Kuma ba abin da ya kawo su sai malalaci. Ki nuna musu tsuntsu mai baki kamar ayaba su ce yawwa, ki nuna musu biri su ce yawwa, to ina malalaci? Dabbar da ba ta komai sai ratayewa a reshe da faratanta uku, fuska kamar ta tsoho mai murmushi, kafin ta ɗaga hannu ɗaya kin gama wanke-wanke. Ita suka ƙetaro teku su gani.

To abin ya fara ne wata biyu da suka wuce, da Don Rigo ya buga sabuwar takardar talla. Ɗaya ta faɗi a rumfata, na sa Olger ya karanta min, da yake da Turanci aka rubuta. Wai an yi wa kowa alkawari zai ga malalaci kusa-kusa, ido da ido. Na tare Don Rigo yana shan kofi na ce, Don Rigo, kai da malalacin kun zauna ne kun yi yarjejeniya, ya sa maka hannu? Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce haba Doña Zeneida, ke dai ki ji da tukunyarki, dajinki akwai albarka. Dariyar nan ba ta kwanta min ba. Shekarata sittin da ɗaya a bakin dajin nan, sai in yi wata ban ga malalaci ba, in ma na gani can ƙololuwar gwarumo ne, doguwar bishiyar nan da suke cin ganyenta, sai wuyanki ya ƙage. Wa ya isa ya yi wa mutum alkawarin dabbar daji?

Sai ga shi kuwa alkawari yana cika. Kin san Turawan nan in sun ƙoshi sai su yi ta nuna min hotuna a waya kamar ba a dajina suka ɗauka ba. Ina duba ina cewa kai, ya yi kyau. Talata malalaci a bishiyar gwaba, Juma'a malalaci a bishiyar gwaba. Gwabar nan ta kwanar rafi da kike hawa kina yarinya, wadda ko ni in na miƙa hannu zan taɓa reshenta. Na fara ƙirgawa a raina, zuwa tara a jere, reshe ɗaya, dabba ɗaya. Mace ce, ba ta da tabon nan mai ruwan lemo da mazansu ke da shi a baya. Kuma na lura a hotunan farko gashinta yana da koren nan na gansakuka irin na masu zaman daji, amma a na baya-bayan nan ya bushe ya yi fari kamar tsohuwar tsintsiya. Wata ranar Laraba da ba jirgi na ɗauki adda na dogara na je. Ba kowa a kan gwaba. Na durƙusa da gwiwar nan tawa na bincika gindin bishiyar kaf. Kin tuna abin da marigayi babanku ya koya muku, malalaci duk sati sai ya sauko ƙasa sau ɗaya, ya tona ɗan rami a gindin bishiyarsa ya yi kashi ya rufe, ya koma. In kina son sanin inda yake zama, ƙasa za ki duba, ba sama ba. Yorleny, wata guda cur dabba tana bishiya, ko ƙwaya ɗaya ban gani ba. Na ce to, wannan ba zama take ba, aiki take zuwa.

Daga nan na sa wa ƙaninki ido. Mutumin da sai na buga ƙofa sau uku yake tashi, yanzu gari na wayewa ya fice da adda, ya dawo rigarsa duk farin ƙurar ganyen gwarumo. Tsohon bargona ya ɓace. Abinci sai ya juya cokali ya tashi. Rannan yana wanke hannu na hango tabo a damtsensa, layi uku a jere, dogaye. Na ce kai, me ya same ka? Ya ce waya mai ƙaya ce, Mama. Na ce oho, ashe yanzu waya mai ƙaya yatsu uku gare ta. Ya ja hannun riga ya fita. Da na gaya wa innarki Flory sai ta buɗe haƙoran nan ta ce ke Yaya kin cika zargi, mace ce, yaro ya yi budurwa mai zafi, ki shirya biki. Na ce Flory, wace macen ce take cin ganyen gwarumo? Ta ce ke ba ki san 'yan matan yanzu ba, komai ci suke don kada su yi ƙiba. Na yi dariya amma cikina bai yi ba.

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne wata mata. Ranar Juma'ar makon can ta sauko daga bas tare da Turawa, da hula da tabarau kamar su. Amma su duk da katin jirgi a wuya, ita babu. Takalminta dogo na roba, da tsohon taɓo a jiki. Na zuba mata abinci, ta ɗauki attarugun da nake sawa a gefe don ado ta gatsa, ko tari ba ta yi ba. Ta ce Doña, hannunki akwai daɗi, ɗanki ne jagoran? Gonar taku ce har cikin daji? Akwai wani gini a ciki? Na ce sai kaji da sauro. Na bar shi a haka. Ranar Talata kuma sai ga ta. Yorleny, shekara uku ina ciyar da mutanen jirgi, ban taɓa ganin fuska ɗaya sau biyu ba. Jirgi ya tafi da su ke nan har abada. Wanda ya dawo ba daga teku ya fito ba. Wata Baturiya ta nuna min hotonta, sai na hango matar a gefe, kowa ya ɗaga waya sama, ita kuwa ta sunkuya tana duba gindin gwaba. Na ce a raina wannan ma babanta ya koya mata. Malamar daji ce, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Kuma kin san dokar nan ba wasa. Wani saurayi a ƙauyen gaba aku biyu kawai aka samu a gidansa, har yau yana zaryar kotu. In aka kama jagora da dabbar daji a ɗaure, katinsa ya tafi har abada, kuma ƙofar gidan yari a buɗe take.

Ranar Alhamis da safe na bar shi ya fita, na ƙirga ɗari, na bi sawunsa. Ina kike tsammani? Tsohon rumbun babanku da yake shanya kokon cakulan, wanda ba mu buɗe ba tun da ya rasu. Ciyawa ta rufe hanyar, amma a ƙofar ga sabon makulli ja. Na leƙa. Akwatin katako ne mai fenti an buga masa ragar waya, bargona a ciki, ita kuma ta dunƙule a lungu ta cusa kai a ƙirji, ganye duk ya yanƙwane a gabanta, wari kuwa ba a magana. Ƙaninki a durƙushe yana miƙa mata ɗanyen ganye yana cewa ci mana 'yar uwa, ki rufa min asiri, ko guda ɗaya. Da ya juyo ya gan ni sai da ya faɗi zaune. Ya ce Mama me kike yi a nan? Na ce na zo gaida surukata da ta yakushe ka.

Sai ya fara zuba. Wai Don Rigo ne ya kawo ta a buhu a bayan motarsa, ya ce manyan jirgi suna ƙorafi, sauran wurare kullum ana ganin malalaci, in babu malalaci babu bas, in babu bas uwarka ta dafa wa birai. Wai shi don ni ya yarda. Ranar jirgi ƙarfe takwas ya ɗora ta a gwaba, bas na tashi ya sauke ta. Wai da farko tana ci, yanzu kwana shida ko ganye ɗaya, don Turawan suna ihu a kanta, wasu har miƙa hannu suke su shafa. Na ce wa ya san da wurin nan? Ya ce daga ni sai Don Rigo. Na ce to zauna in tambaye ka. Rumbun nan a ƙasar wa yake? Ya ce tamu. Hannun wa ke da tabo? Ya ja hannun riga ya rufe. Katin wa za a karɓe? Akwai takarda ɗaya da ta nuna Rigo ya taɓa ganin dabbar nan? Na gaya masa labarin matar. Ya ce Mama ke kowa zargi kike, ko Fada ya yi miki murmushi sai kin duba jakarki. Na ce na ji, kira ubangidan naka in ji da kunnena.

Ya kira, ya buɗe murya. Don Rigo ya ce kai ɗana kwantar da hankalinka, matar nan 'yar jarida ce, talla za ta yi mana. Gobe ka ɗora ta da wuri, akwatin kuma ka bar shi inda yake, kada ka motsa komai. Ni gobe ba zan samu zuwa ba, haƙori ya sa ni gaba. Yorleny, ki ji fa. Wa ya tambaye shi maganar akwati? Kuma mutumin da ranar jana'izar surukarsa sai da ya rako bas tukuna, shi ne haƙori zai hana? Sai na tuna ɗan ƙanwarsa ya samu katin jagora watan jiya yana zaune ba aiki, na tuna sau biyu Rigo yana min maganar in ba shi hayar hanyar dajin ya riƙe da kansa na ƙi. Ban ce na tabbata ba. Allah ne ya san zuciyar mutum. Amma na ce wa ƙaninki, ɗauke ta yanzu mu mayar da ita. Ya ce a'a, gobe kawai, gobe ce ta ƙarshe, daga nan zai yi wa Rigo magana. Na ce goben ce ake jiran ka. Ya ce Mama ki bar min aikina, ni ba yaro ba ne. Ya ja ƙofa ya danna makulli a gabana, ya sa mabuɗi a aljihu, ya tafi Limón sayo kajin Juma'a.

Na tsaya har na ji ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Kin san katakon rumbun nan ya girme ki, sara biyu na yi da adda ƙarfen makullin ya fita da ƙusoshinsa. Na naɗe ta da bargo don faratan nan, na sa ta a kwandon wanki, na rungume. Ba ta kai nauyin kaza biyu ba, sai ƙashi. Ko motsi ba ta yi, sai wani ɗan huci. Na shiga daji da ita, ina tafiya ina hutawa, gwiwa tana min magana ina ce mata ki yi haƙuri yau ba ranarki ba ce. Na yi nisa sosai, inda ba Baturen da zai je da farin takalmi. Na samu gwarumo dogo mai sabon ganye, rassansa sun haɗe da wasu bishiyoyi. Na jingina ta da jikin itacen. Ta daɗe ba ta gane ba, har na ce shi ke nan na makara. Can sai ta ɗaga hannu ɗaya, ta kafa farata. Na zauna a kan wani kututture sauro na cina, ina ta addu'a ina mata faɗa, na ce ke malalaciyar Allah, ki yi sauri ko sau ɗaya a rayuwarki, ina da wake a wuta. Ta fi awa kafin ta shige ganye. Na dawo na farfasa akwatin na kai kicin, ragar na buga wa kejin kaji, na share rumbun na wanke, na kwaso kajina masu kwanci guda huɗu na zuba a ciki don warin ya zama nasu.

Da ya dawo da yamma ya gani, ban taɓa jin muryar Olger haka ba. Ya ce kin kashe ni Mama, kin kashe kanki, gobe me zan nuna wa mutum arba'in? Na ce ka nuna musu daji, abin da ka yi shekara biyu kana karantawa ke nan. Ya faɗi wasu maganganu da ba zan rubuta miki ba, na yafe masa, ke ma kada ki tambaye shi. Bai ci abinci ba.

Ranar Juma'a na hura wuta da katakon akwatin, da shi na dafa shinkafar Turawa. Ƙarfe tara bas ta iso, ba Don Rigo. Matar ta sauko, yau ba hula ba tabarau, bayanta kuma mota kora da malaman daji biyu cikin kaki. Ba su je gwaba ba. Ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka ratsa gona suka nufi rumbun da ba a hango shi daga ko'ina. Na bi su da ludayi a hannu. Suka tura ƙofa, kajina suka tashi suna kyarkyara, ɗaya ta yi wa babban cikinsu kashi a takalmi. Suka duba sama suka duba ƙasa. Matar ta daɗe tana kallon inda ƙusoshi suka fita a jikin ƙofa. Sai ta ce a kira jagora. Ta miƙa hannu ta ce kawo katinka. Yorleny, na ga ƙaninki ya cire katin nan daga wuya, fuskarsa ta koma ta yaron da kika sani. Ta ce naɗe hannun riga. Ta sa yatsa ta bi tabon, ɗaya, biyu, uku. Ta ce me ya same ka? Ya ce waya mai ƙaya. Ta ce hmm. Ta sa katin a aljihu ta ce je ka, baƙinka suna jira.

Ya shiga daji da mutum arba'in ba kati a wuya, ita kuma ta zauna a rumfata awa biyu da rabi, ta ajiye katin a kan tebur kusa da farantinta. Ina juya wake ina kallon sa ta wutsiyar ido. Can na zuba mata abinci. Ta ci loma biyu ta ce Doña, yau hayaƙin itacenki warin fenti yake. Na ce itace ya jiƙe 'yata, abin da na samu na sa. Ta ce dajin nan naku akwai gwarumo masu tsayi? Na ce akwai, masu tsayi ƙwarai. Ta ce masu sabon ganye? Na ce masu sabon ganye. Ta ce nesa da hanya? Na ce ko ni da ƙyar nake zuwa. Ta kalli gwiwata da ta kumbura kamar kwakwa, ta daɗe tana kallo. Ta cinye abincinta tas, ta goge baki, ta turo min katin da yatsa ɗaya. Ta ce ki ba ɗanki, yau ban ga komai ba don babu abin gani, amma in na sake dawowa ba abinci zan zo ci ba. Ta miƙe, har ta kai bakin rumfa ta juyo ta ce, ki gaya masa wanda ya kira mu har launin makullin ya faɗa mana. Ba ta faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Na zauna a kan buhun shinkafa da katin a hannu.

Turawan kuwa sun fito rai a ɓace. Wani tsoho mai jan wuya yana ta kaɗa takardar tallan a fuskar Olger yana yare, matarsa tana jan rigarsa. Sun dai ci, har da ƙari, fushi bai hana su ba. Da bas ta tashi na miƙa wa ƙaninki katin na gaya masa maganar makulli. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ya rataya, ya shige ɗaki. Kafin rana ta faɗi Don Rigo ya kira, haƙori ya warke ke nan, ya ce mun kunyata shi a gaban manyan jirgi, daga yau bas ɗinsa ba za ta ƙara tsayawa a ƙofarmu ba. Na ce Allah ya ƙara wa haƙori lafiya.

Jiya Talata jirgi ya zo, mun ji ƙahonsa, ba bas. Na yi zaton ƙaninki zai kwana a ɗaki ko ya koma wancan shagon giyar, abin da na fi tsoro ke nan. Sai na ga ya yi aski, ya yanki kwali ya yi rubutu, ya hau babur. Ashe tashar jirgi ya je ya tsaya cikin masu tasi yana ɗaga kwali. Innarki da ta gan shi ta ce wai ya rubuta, daji na gaske, ban yi alkawarin komai ba. Ya dawo da tsofaffi biyar a tasi. Biyar fa, ni da na saba dafa tukunyar arba'in, har kunyar murhu na ji. Ba su ga malalaci ba. Sun ga tururuwa masu ɗaukar ganye da wani maciji kore, wata tsohuwa ta rungume ni da za su tafi. Ban san ko za mu ɗore a haka ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Har yanzu ba ya min magana sai ta dole, amma jiya faranti biyu ya ci, kuma katin yana wuyansa.

Ki gaida min Maikol, ki ce na gode da maganin gwiwa, yana aiki in na zauna wuri ɗaya. Ki sumbatar min Dayana, ki ce kakarta ta ga hoton dusar ƙanƙara, ki sa mata hula ki rufe mata kunne. Innarki Flory tana gaishe ku, har yanzu ta nace akwai budurwa. Doña Marlen ta coci ma tana tambayarki.

Saura abu ɗaya. Yau da safe ina tace kofi Olger ya tsaya a ƙofar kicin, bai kalle ni ba, ya ce Mama a wace bishiya kika sa ta? Wai so yake ya je ya ga ko tana ci. Ƙila gaskiya ne, na ga yadda yake lallashinta a rumbu. Amma jibi Juma'a, jirgi zai zo, kuma shi zai tsaya a tasha da kwali cikin masu alkawari. Na ce na manta, tsufa. Ya ce Mama ke ba kya mantuwa. Na ce to yau na fara. Ɗana ne, ina son sa har raina, amma ban faɗa ba. In ya kira ki da daɗin baki ya ce ki tambaye ni, kada ki ɓata kuɗin wayarki, ke ma ba zan gaya miki ba.

Allah ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce uwarki,
Zeneida